Sandar Kuniza da Igiyar Irmina

Sista Kuniza shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki guda a gidan nan namu na mata masu zuhudu a bakin kogin Mosel, kuma aikin in an faɗa wa baƙo sai ya ce shi ke nan? Ita ce mai ba da murya. Kafin a fara kowace waƙa a coci, mata arba'in na tsaye layi biyu suna fuskantar juna, sai ta ɗan ɗaga sandarta ta yi mmm ta hanci, ba da ƙarfi ba, to a kan wannan mmm ɗin kowa zai ɗora ƙafa. Akwai littafin waƙa, ƙato, sai mutum biyu ke ɗaga shi, da jan layi na muryar da ake kira fa da rawayan layi na wadda ake kira ut, amma shi littafi nisa kawai yake nuna maka, nan ka hau taki ɗaya, nan ka sauko rabi, ba ya gaya maka inda za a kafa gindin tsanin. Wannan sai mutum. In ta kafa shi sama tsofaffi su shaƙe a tsakiyar waƙa, in ta kafa shi ƙasa duk a koma kamar shanu sun faɗa rijiya. Ita kuwa kullum daidai, safe da rana da yamma, har mutanen ƙauye na cewa wai mala'ika ke raɗa mata.

Ba mala'ika ba ne, ƙararrawa ce.

Tana shekara tara aka kawo ta, ita da Irmina 'yar ƙanen babanta, a kwalekwale ɗaya, tare da ganga biyu na ruwan inabi daga gonar iyayensu. Tsohuwa Bertrada ce mai sanda a lokacin, ita ta koya musu a tafin hannun hagu, kowace gaɓar yatsa da muryarta, ut re mi fa sol la, ta nuna gaɓa ka rera, ka kuskure ta ƙwanƙwashe ka da gindin alƙalami. Kuniza ba a cika ƙwanƙwasarta ba, don kunnenta ya san nisa kamar yadda ƙafa ta san matakalar gidansu. Ba ta murya ɗaya kawai, za ta kai ka ko'ina, ta san ɗan matsattsen rabin takin nan tsakanin mi da fa da ke kayar da kowa, ta san hanyoyin waƙar coci guda takwas duka, kowace da muryar da ake shanya kalmomin Zabura a kanta da muryar da ake komawa gida a ƙarshe. Abu ɗaya ne ba ta da shi. Murya ba ta kwana a kanta. Bertrada in an tashe ta daga barci za ta ba ka ut ɗinta kamar yadda za ta faɗi sunanta, Kuniza kuwa sai ta farka kanta fayau, babu komai.

Sai wata rana tana budurwa ta lura in an buga babbar ƙararrawar hasumiya, wadda duk gidan ke kira Kaka, bayan bugun akwai wani gunji da ke saura a iska, in ta kama gunjin ta sauko taki biyu, ga ut ɗin Bertrada cif. Ba ta gaya wa kowa ba. Da haƙoran Bertrada suka zube aka miƙa wa Kuniza sanda, tana ashirin da huɗu.

Mutum ɗaya ce ta gane, Irmina. Ita Irmina gajera ce, muryarta ta kwaɗo, tun suna yara aka ce ta riƙa motsa baki kawai, da ta girma aka ba ta igiyar Kaka don a raba ta da waƙa. To sai ta ɗauki wata ɗabi'a, bugun ƙarshe ba ta yin sa sai ta leƙa ta tsagar ƙofa ta ga Kuniza ta isa kujerarta, sannan ta ja, don gunjin ya kai har lokacin ɗaga sanda. Ita kuma sai ta shigo a makare kullum, kowa na tsaye ita tana sanɗa. Shekara talatin ana kiranta Irmina mai nawa, ana sa ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin cin abinci, miyarta na hucewa. In sun haɗu a wurin wanki sai ta ce, ɓarauniyar murya, ke da Kaka wa ke riƙe da sandar ne wai? Kuniza ta ce ki yi mini shiru kwaɗon fadama, Irmina ta yarfa mata ruwa, shi ke nan zancen. Ba su taɓa yin sa da gaske ba ko sau ɗaya.

Kwana uku ne kawai a shekara ake shiga uku, daga Alhamis zuwa Asabar kafin Ista, idin tashin Ubangiji daga kabari, da ake ɗaure harshen ƙararrawa ana kira da katako. A kwanakin nan Kuniza canka kawai take yi, kuma don tsoro sai ta kafa can ƙasa, baƙi kuwa su ce kai, ji yadda Sista Kuniza ke saukar da murya don baƙin cikin mutuwar Ubangiji. Irmina ta toshe baki da mayafi tana dariya.

To shekarar da kogi ya daskare har ana tsallaka shi da jaki, wata safiya Irmina ta ja igiya, Kaka ta yi wani ƙara kamar an saki tukunya a dutse. Sanyi ya tsaga ta daga leɓe har kafaɗa. Irmina ta hau hasumiya ta duba, ta daɗe can sama iska na dukanta, tana shafa tsagar kamar shafa zai haɗe ta, da ta sauko sai tari, kwana tara aka yi. Ranar ta takwas Kuniza na ba ta ruwan zafi da zuma a cokali ta ce, "Na fasa miki tukunya, Yaya."

"Buɗe baki," in ji Kuniza.

"Me za ki riƙa ci yanzu?"

"Buɗe baki na ce."

Aka binne ta ba ƙararrawa, da katako aka raka ta, ƙwas ƙwas ƙwas. Kuniza ta ba da murya, ta ji an ɗora, ta ji an gama. Ta tsaya jiran kuka kamar mai jiran atishawa, bai zo ba. Ta je ta shanye miyar kabejinta tas, ta wanke akushi.

Asabar ɗin da ta biyo ita ce ranar binne Haleluya, kalmar nan ta murna da yabon Allah, mako tara kafin Ista. Daga ranar ba mai sake furta kalmar sai Asabar ɗin Ista, don haka ake rubuta ta a fata a sa a ɗan akwati, a ɗauka da kyandir kamar gawa a kai gindin bishiyar da ke tsakar gida a rufe, 'yan matan gidan na kukan ƙarya suna dungurin juna. Da Irmina ce ke fin kowa kukan ƙaryar, har da faɗuwa. Wannan karon ƙasa ta yi tauri sai da aka ɗauko diga, digar da aka haƙa kabarin Irmina da ita, Kuniza ta gane ta don ƙotar ta tsage an ɗaure da tsumma. Ta tsaya tana kallon tsumman har aka watse. Abin da ta gani ke nan, tsumma.

Daga nan sai murya ta fara yawo. Yau Zabura ta hau sama har tsohuwa Gepa ta sarƙe da tari aka fita da ita a kafaɗa, gobe a sauka ƙasa har kalmomi ba sa fita, jibi a fara daidai kamar an dace, a ce to ta dawo, gata kuma a koma gidan jiya. Nisan duk daidai, ko rabin taki ba ya ɓata, gindin tsanin ne ba ya zama wuri ɗaya. Ita kanta tana ji in an kai tsakiya, ta ji mata na fama, ta ce a ranta yau na yi sama, kamar mai cewa yau an yi hadari. Azumi ya shiga, wake da kifi mai gishiri, ba ƙwai ba cuku, kowa ransa a kusa, aka fara ƙus ƙus a ɗakin saƙa.

Mako na huɗu Uwa Rikarda, shugabar gidan, ta kira ta ɗakinta. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta san rashin da aka yi, ta san tare suka zo a kwalekwale ɗaya, amma gidan nan ba shi da wata sana'a a gaban Allah sai waƙa, kuma Asabar ɗin Ista duk ƙauyukan kwarin za su cika cocin.

"In Haleluya ta tsaya, sandarki ce har ki gaji. In ta faɗi, Oda za ta karɓa. Kin ji ni, Kuniza?"

"Na ji, Uwa."

"Ba abin da za ki gaya mini?"

Akwai, amma faɗinsa sai an ɗaga shekara talatin, ita kuwa ko hannunta da ƙyar take ɗagawa. Ta ce babu. Ta fito tana lissafin inda za a kai ta, don ba ta iya rubutu ba, ɗinkinta karkatacce, abin da ya rage ɗakin tsefe ulu tare da kuramen tsofaffi, da kujerar baya kusa da ƙofa inda iska ke shigowa. Ta lissafa wannan duka ba ta ji komai ba sai yunwa.

Oda kuwa 'yar masunci ce, shekararta ashirin da shida, irin Bertrada ce, da murya take kwana da ita take tashi, kuma ba ta neman sandar, kunya ma take ji in an ambata. Ta tare Kuniza a lungun rijiya ta ce, Yaya, in kina so in riƙa yi miki a kunne kafin mu shiga, ba mai sani. Kuniza ta dube ta ta ce a'a, Kaka na dawowa. Oda ba ta gane me ya haɗa wannan da wancan ba, ta ɗauki gugarta ta tafi.

Don da gaske Kaka na dawowa. An kawo wani maƙerin ƙararrawa, Ekbert, ya sauko da ita, ya kai ta bayan katanga inda mu ba ma fita, muna ji yana farfasa ta da guduma wuni guda. Ya haƙa rami ya gina tukunyar narki, matan ƙauye na zuwa suna jefa zobe da ɗan kunne don albarka, hayaƙi na tsallako katanga yana ɓata shanya. Amma wuta kullum sai ta ci rabonta na ƙarfe, kuma kogi a daskare ba jirgin da zai kawo ƙari, don haka ya rage faɗin sabuwar da kamar tafin hannu, ya gaya wa Uwa, Uwa ta ce ƙararrawa ai ƙararrawa ce. Kuniza sau ɗaya ta je tagar ƙarfen bakin ƙofa, ta ce a kira mata shi, ya zo fuska duk gawayi.

"Muryar fa?"

"Ƙarfenta ne, Iya, ban sa na wata ba. Kaka ce dai, sai dai ta koma budurwa."

Mai tsaron ƙofa ta tuntsire da dariya ta ce to Allah ya sa mu ma ka narka mu, Ekbert ya ce ke ai sai an ƙara itace. Kuniza ta juya. Ƙarfenta ne, abin da ta ɗauka ke nan ta tafi da shi. Ko yaron ƙauye ya san ƙaramar ƙararrawa ta fi babba siririyar murya, amma ita tun tana shekara tara Kaka ɗaya ta sani, ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ƙarfe ɗaya zai yi murya biyu ba. Kuma ba wanda ya ji sabuwar a cikin gida, don sai ranar Alhamis da yamma aka ja ta sama, bayan an riga an shiga kwanakin katako, harshenta naɗe da tsumma.

Asabar da azahar aka fara. Coci ya cika har waje, warin jiƙaƙƙen ulu da hayaƙin sabuwar wuta, aka yi karatu goma sha biyu, yara na kuka ana jijjiga su. Da limamin cocin, Fada Gozwin, ya ɗaga waƙar Ɗaukaka ga Allah, Ekbert da kansa ya kama igiya, ƙararrawa ta tashi bayan mako goma sha ɗaya, mutane suka yi ajiyar zuciya, wasu na share ido. Kuniza ta saurari ƙirjinta ko wani abu zai motsa, shiru. Amma maƙogwaronta bai jira ta ba, ya kama gunjin ya sauko taki biyu ya riƙe, kamar yadda ya saba tun tana budurwa, ya riƙe har aka gama addu'a da ɗan gajeren karatu.

Haleluyar Ista sau uku ake yin ta. Fada ya rera, mata su amsa, ya sake taki ɗaya sama, su amsa, ya sake taki ɗaya sama da wannan, kuma kowace da doguwar wutsiya a ƙarshe mai hawa kafin ta gangaro gida. Shi ya sa ta farko dole a kafa ta ƙasa, a bar wa ta uku wuri. Kuniza ta fito daga layi da sandarta za ta je wata taga da ke tsakaninsu da bagadi, inda Fada ke tsaye, Oda ta kama bakin hannun rigarta, don ta ji abin da ke cikin hancinta.

"Yaya, ya yi sama."

"Kaka ce ta ba ni."

Ta zare hannunta ta je ta yi wa Fada mmm. Shi Fada Gozwin tsoho ne mai ƙiba, shekara ashirin duk abin da ta sa masa a kunne shi yake rerawa, ya ɗaga gira kaɗan, ya buɗe baki.

Ta farko ta wuce, da ɗan ƙyalli ma, har wasu suka ɗaga kai. A ta biyu wuyan Fada ya yi ja, tsofaffi suka fara zamewa a wutsiya, a nan Kuniza ta sani. Kunnenta da ba ya ƙarya a kan nisa ya auna mata daga inda Gepa ta saba kaiwa zuwa inda ta tsaya yau, taki ɗaya da rabi. Ta faɗa a ranta haka, taki ɗaya da rabi, kamar mai awon yadi. Ba a komawa baya a Haleluya. Ta ɗaga sanda ta uku. Fada ya kai rabin kalma muryarsa ta tsage irin ta ɗan zakara mai koyon cara, ya tsaya ya yi tari, mata suka ɗauka suka hau, suna zubewa ɗaya ɗaya, layin hagu ya mutu, layin dama ya saura mutum biyar, uku, sai Oda ita kaɗai can sama siririya, ta kai ƙoli ta gangaro da ita gida, idonta a rufe. A baya wani yaro ya kwaikwayi carar Fada, aka ji ƙarar mari, aka ji dariya ana danne ta. Kuniza na tsaye tana kallon kakin kyandir na ɗiga a dutse. Aka ci gaba da sujada, ita ta ba da sauran muryoyin, a ƙasa.

Da aka fito ana ta kai da kawo da ƙwai da cuku na gobe, ba ta bi ta kan kowa ba, ta wuce ɗakin Uwa ta jingina sandar a jikin tebur.

"Ban kira ki ba tukuna," in ji Uwa Rikarda.

"Na sani, Uwa. Irmina ba ta taɓa makara ba."

Sai ta faɗa mata duka a tsaye, gunjin, taki biyun, tsagar ƙofar, da murya irin ta mai karanta sunayen kayan wanki. Uwa ta juya zoben hannunta, ta tambaya sau nawa ta sa Irmina durƙuso a bakin ƙofa. Kuniza ta ce ba ta ƙirga ba. Uwa ta ce to ɗakin ulu akwai wuta, za ta ji ɗumi. Kuniza ta ce in an yarda igiyar take so, tunda ba mai ita. Uwa ta dubi kafaɗunta, shekara hamsin da biyar, ta ce ki gwada.

Washegari aka tono Haleluya a gindin bishiya, fatar ta jiƙe gefe ɗaya, Oda ta ɗauki sanda, ta ba da murya daidai.

Shekara huɗu ke nan Kuniza na jan ƙararrawa. 'Yan mata sun sa wa sabuwar suna Budurwa, ita har yau ba ta kira ta da kowane suna ba. Ekbert bai canza igiya ba, tsohuwar ya mayar, kuma akwai wuri a jikinta da ya yi baƙi ya yi santsi, inda hannun Irmina ya zauna shekara talatin, can ƙasa don gajarta. Nan Kuniza ke kamawa, ga ta doguwa, sai ta sunkuya, bayanta ya fara lanƙwashewa. Oda ba ta bukatar gunjin kowa, amma bugun ƙarshe har yanzu sai an leƙa ta tsagar ƙofa an ga mai sanda ta isa kujera, sannan a ja, sannan Kuniza ta shigo a makare ta tsaya a baya wajen iska, ba mai sa ta durƙuso. Mai jinyar gidan ta yi mata magana ya fi sau goma, Yaya ki ɗaga hannunki sama mana, ga igiya nan duk taki, za ki karya bayanki a banza. Ta ce to. Gobe a nan ɗin dai za ka same ta ta kama.